Mai Ɓari Ba Ta Da Arba'in

Ku ajiye wayoyin nan tukuna, ku matso. Ke mai gilashi, da ke nake. Jiya da kunnena na ji kina gaya wa ƙawarki wai duk aikin ɗakin nan babu mai sauƙi irin wankin ciki, wai kafin shayi ya huce an gama an sallami mace. Sannu da ƙoƙari! Yaushe ma kika zo koyon aikin? Ni tun ban kai shekarunki ba nake aikin ungozoma a asibitin nan na Suleja, ga shi yau furfura ta cinye mini kai, kuma har gobe idan aka shigo da mai ɓari sai na yi bisimilla na tattara hankalina wuri ɗaya. Wankin ai shi ne ƙaramin aikin. Abin da ke biyo bayansa shi ne sana'ar, kuma shi ne kuke tsallakewa kuna saurin zuwa cin abincin rana.

Wadda ta koya mini aiki Sista Laraba ce, wata gajeriyar mata daga wani ƙauye ta wajen Tafa, mai faɗan tsiya. Allah ya ji ƙanta, ko da yake ta sha sa ni kuka a bayan gini. Satina na farko aka kawo wata mata kwance a kan tabarma a bayan a-kori-kura, zaninta ya jiƙe sharkaf. Ni kuwa sabuwar 'yar makaranta, na zaro biro na tsaya a kanta ina tambaya: cikin wata nawa ne, da kansa ya zube ko wani abu kika sha? Sai na ji an fizge biron daga hannuna.

"Ke alƙali ce?" in ji Sista Laraba. "Jini na zuba kina tambaya? Zo nan."

Ta sa babban yatsa ta ja fatar idon matar ƙasa, ta ce in duba. Ta ce mace za ta ce miki lafiya lau ko da mutuwa take yi, saboda kunya, don haka nan za ki fara dubawa. In kin ga cikin fatar ja ne, kina da sauran lokaci. In kin ga ya koɗe, ki yi sauri. In kin ga fari fat, ki kira duk wanda ke kusa, ki sa a nemo jini. Daga ranar har yau ban taɓa gaisawa da mara lafiya ba tare da yatsana ya kai idonta ba. Har a gidan biki sai na kama kaina ina leƙen idon mutane.

A zamanin nan ba mu da wannan sirinjin wankin cikin da kuke rainawa. Wani cokalin ƙarfe ake sawa a kankare mahaifa, likita kaɗai ke yi, a ɗakin tiyata, sai an sa mace barci. In likita yana kan wani aiki, ko ya tafi taro, sai mu yi ta ƙarin ruwa muna canza zane muna kallon ƙofa. Da aka kawo sirinjin nan na roba aka koya mana mu ungozomai mu riƙa yi da hannunmu, wallahi ji na yi kamar an sauke mini dutse daga ka. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga yadda kuke jefa shi cikin bokiti kamar ludayin koko. Akwai wani ɗan baƙin zobe na roba a jikinsa, ƙarami ne, amma in ya ɓata sirinjin ba zai ja komai ba, sai dai ki yi ta wahalar da mata a banza. Wancan watan a magudanar ruwa na tsinto shi, kuma kowa ta rantse ba ita ba ce. Aljanu ne ke nan suka wanke mana kaya! Za ki kwance shi gunduwa-gunduwa, ki jiƙa a ruwan magani, ki wanke, ki ɗauraye, ki bari ya bushe, ki haɗa, ki gwada jansa tun babu mara lafiya a gabanki. Ƙarfen nan mai kama da bakin agwagwa da muke buɗe gaba da shi, ki ɗumama shi a tafin hannunki kafin ya taɓa jikin mutum. Ki ba ta maganin zafi ki jira ya kama, ba wai ki ce ta daure ba. Kuma ki riƙa yi mata magana kina aiki, ki tambaye ta garinsu, ki tambaye ta me ta dafa jiya. In kin gama, abin da ya fito ki zuba a kwano ki haska da tocila ki tabbata ya fita duka, don ɗan guntun da kika bari shi zai dawo miki da ita da zazzaɓi.

Masu zuwa kuwa kala-kala ne. Akwai matan ƙauyukan da ke kewaye da mu, manoma, su sai an gama jiƙe-jiƙe da hayaƙi, an kwana biyu ana cewa zai tsaya, sannan a ɗauko su a babur jiki ya yi zafi rau. Akwai matan baƙi, waɗanda suka biyo mazansu daga Kano da Katsina da Zariya, mazan na aiki a Abuja suna haya a nan don haya ta fi sauƙi, su ba uwa a kusa ba yaya ba ƙanwa. Akwai kuma 'yan mata, har da matan aure, da suka je kemis aka ƙunsa musu ƙwaya a takarda, ko wani mara tsoron Allah ya taɓa su da ƙarfe a bayan shago, abu ya fita rabi ya bar rabi. Waɗannan su suka fi zuwa a makare, don sun san abin da ke jiransu a bakin wasu ma'aikatan. "Lokacin da kike yi ai ba ki yi kuka ba." Duk wadda na ji ta furta wannan a ɗakina, ranar za ta san ko ni wace ce. Ke kika halicce ta? Wa'azi yana da masu shi, shari'a tana da masu ita, mu namu shi ne jinin ya tsaya. Wadda kika zaga yau ba matsala za ta daina shiga ba, zuwa wurinmu za ta daina, kuma ta gaya wa ƙawayenta su ma kada su zo.

To, an yi wanki, jini ya tsaya, sai me? Tsarin da muka tarar shi ne a ce wa mace: "Ki dawo ranar Talata ki je ɗakin tazarar haihuwa." Ɗakin kun san shi, can ƙarshen gini a gindin mangwaro, da allo ɓaro-ɓaro a ƙofa, kuma ba ki isa gare shi sai kin ratsa ta gaban layin masu kawo yara rigakafi, inda maƙwabciyarki ke zaune tana ƙare miki kallo. Wane mai hankali ne ya tsara haka, ban sani ba har yau. Macen da ta rasa ciki jiya, ki ce ta sake shiga keke ta zo ta bi ta tsakiyar jarirai ta shiga ɗakin da kowa zai ce ta je ne don ba ta son haihuwa? Sai su ce "To, Mama," su ɗaura ɗankwali su tafi, ba za ki sake ganinsu ba sai da wani jinin.

Ga kuma abin da ya fi ci mini rai, wanda ba a koya muku shi a makaranta. A wurinmu idan mace ta haihu, kowa ya san ta yi aiki. A jibge itace, a ɗora tukunya, a sayo ƙauri da kaji, a dama kunu. In haihuwar fari ce a kai ta gidan iyayenta wanka. Ko tsintsiya ba ta ɗauka, kuma ba ta komawa shimfiɗar miji sai ta yi arba'in. Bayan nan ga shayarwa, ita ma tana ɗan ba jiki sarari. Amma mai ɓari fa? Mai ɓari ba ta da arba'in. A leƙo a ce mata, "Sannu, Allah ya mayar da alheri," shi ke nan. Jibi tana bakin rijiya da bokiti. Jini na ɗaukewa ta yi wanka ta koma ɗaki, tunda babu jariri babu wanda ya ga dalilin a ɗaga mata ƙafa. Alhali mahaifa ba ta jira. Tun kafin ta sake ganin al'adarta wani cikin zai iya shiga, a kan rauni, a jikin da bai mayar da jininsa ba. Mu kuwa shawararmu ita ce ta huta ko da wata shida ne.

Bari in ba ku labarin Sakina, ku ji yadda abin yake a aikace. Yarinya ce siririya daga Funtuwa, mijinta Nasiru yana aikin shimfiɗa tayil a gine-ginen Abuja, suna haya a ɗaki ɗaya a Iku. Zuwanta na farko mai gidan hayarsu ce ta kawo ta, wata tsohuwa 'yar asalin garin nan da ake kira Gwaggo Asabe, mai sayar da daddawa. Cikin fari ne, bai yi ƙwari ba ya zube. Na wanke ta tsaf, na duba ido na ga da sauran ja. Na zaunar da ita na yi mata bayanin hutu, na ce ta dawo Talata. Ta ce, "To, Mama." Talata ta zo ta wuce.

Damina ba ta ƙare ba sai ga ta an sake shigowa da ita, Gwaggo Asabe na riƙe da ita tana salati. Wannan karon da na ja fatar idon, ya koɗe, jan ya gudu. Bayan na gama aiki ban ce mata Talata ba. Na taka da ƙafata har gindin mangwaro, na yi ta bugun ƙofa har mai riƙe da makulli ta buɗe tana gunaguni, na kwaso kayan tazarar na jera a faranti na kawo bakin gadonta. Na nuna mata ɗaya bayan ɗaya: ga ƙwayar da ake sha kullum, ga allurar wata uku, ga ashanar fata da ake sawa a damtse, ga robar mahaifa. Na gaya mata amfanin kowanne da abin da yakan jawo, na ce duk ranar da ta so a cire ko ta daina, haihuwarta na nan. Ta kalli farantin ta daɗe, sannan ta juya fuska bango.

"Mama, maigida ba zai yarda ba."

"Kin tambaye shi?"

Ta ja zane ta rufe kanta.

"To, turo mini shi in yi masa magana."

Gwaggo Asabe ce ta yi dariya. Ta ce, "Hajiya, ni da muke gida ɗaya da shi sai in yi sati ban ga fuskarsa ba. Yana sallame sallar asuba ya ruga tasha kada motar farko ta cika, ba ya dawowa sai bayan isha'i. Lahadi kawai yake gari."

Lahadi kuwa ɗakin tazara a rufe yake ruf. Kun ga irin aikin namu? Muna buɗewa lokacin da mazan garin duk suna Abuja, muna rufewa ranar da suke gida, sannan mu zauna muna cewa maza ba sa zuwa. Na ce wa Sakina damtsen nata ne, ranta ne a kan layi, in ta amince yanzun nan sai in sa mata. Ta ce ita ba za ta iya ɓoye masa abu a jikinta ba. Ban isa in tilasta mata ba, kuma kada in ji wata cikinku ta taɓa tilasta wa wata. Na aika Gwaggo Asabe da saƙo wurinsa. Amsar da ta dawo ita ce yana gaishe ni da kyau, aiki ne ya yi masa yawa, in sha Allahu zai leƙo.

Sai ga shekarar korona. Ku lokacin kuna gida kuna murnar an rufe makaranta, mu kuwa a nan mun ga tashin hankali. Aka tare hanyar Abuja, motar da ke kawo mana kaya ta daina zuwa. Safar hannu sai da muka riƙa lallaɓa ta, maganin zafi ya yi ƙaranci, kantar ɗakin tazara ta koma wayam, ko kwaroron roba babu. Ga mazan nan da ba ma gani duk sun dawo gida sun zube a gindin bishiyoyi, ba aiki ba fita. Ba sai na gaya muku abin da ya biyo baya ba. Ciki ko'ina, ɓari ko'ina, mata kuma na tsoron zuwa asibiti kada a ce suna da cutar a killace su, sai abu ya lalace sannan a kawo mana. Ban taɓa wanke sirinji sau da yawa a rana ɗaya ba kamar a shekarar nan.

Wata rana da hantsi na ji keke ya tsaya har bakin baranda, inda aka hana tsayawa. Na fito zan yi masifa sai na ga wani dogon mutum ya sungumo mace a hannu yana cewa, "Ku taimaka, ku taimaka!" Sakina ce, a hannun mijinta. Kanta ya langaɓe, leɓenta ya bushe. Na ja fatar ido, fari fat kamar takarda. Karo na uku ke nan, kuma a lissafina shekara ba ta zagayo ba tun zuwanta na farko. Muka rufu a kanta, wata na neman jijiya, wata na kiran likita, ni ina wanki. Jini babu a ajiye. Allah ya taimaka na mijin ya dace da nata, aka ɗiba aka sa mata. Sai bayan azahar ta buɗe ido ta nemi ruwa. Likita ya ja ni gefe ya ce in wani cikin ya sake shiga jikin nan yanzu, shi bai ga yadda za ta kai labari ba. Na ce masa na sani.

Na fito na tarar da Nasiru a kan benci, auduga manne a hannu, yana riƙe da kwalbar lemo ya kasa sha. Mutumin da na yi wata da watanni ina nema, ga shi cutar da ta hana mu kaya ta kawo mini shi har ƙofa. Na tsaya a kansa, raina a ɓace.

"Kai ne Malam Nasiru? Kai ne mai yawan aiki?"

Ya miƙe ya rusuna. "Ni ne, Hajiya. Yaya jikin nata?"

"Jikin nata ya kusa ƙarewa. Kashe ta kake son yi?"

"Subhanallahi, Hajiya! Ni?"

"To me ya hana ka bar ta ta huta? Sau uku ana kawo mini ita cikin jini!"

Ya zauna a hankali. Ya ce shi tun na farkon ya ga ta kasa daina kuka, in ta ga yaran maƙwabta sai ta shige ɗaki. Ya rasa yadda zai yi, ya kira mahaifiyarsa a waya, ta ce masa maganin wannan kukan wani cikin ne, da zarar ta samu za ta manta. "Wallahi Hajiya ni a ganina lallashinta nake yi," in ji shi.

"Na kawo mata maganin hutu har bakin gado, ta ce ba za ka yarda ba."

Ya ɗago ya dube ni. "Yaushe aka tambaye ni?"

Jama'a, kun ji fa! Na koma ciki na tambayi Sakina, ita kuma cikin muryar da ba ta fita sosai ta ce ta ga kamar ya ƙosa ya ga ɗansa, in ta ce tana son hutu zai ga kamar ta gaza masa. Mutum biyu, ɗaki ɗaya, katifa ɗaya, kowa na jin nauyin kowa, kowa na ganin yana kyautata wa ɗan'uwansa, har sun kusa kai ta kushewa da kunya. Takaici ya ishe ni har na rasa wanda zan fara yi wa faɗa.

Na sake fitowa na ce masa, "Malam Nasiru, in tambaye ka. Da a ce haihuwa ta yi, me za ka yi mata?"

Nan fa bakinsa ya buɗe. Ya ce ai ya riga ya shirya tun na farko: rago, itace, ƙauri, atamfa, kuma Funtuwa zai kai ta wanka wurin mahaifiyarta sai ta yi arba'in.

Na ce, "Madalla. To jinin da ta zubar a ɗakin nan ya fi na mai haihuwa. Ina itacenta? Ina ƙaurinta? Ina arba'in ɗinta?"

Ya sunkuyar da kai yana murza kwalbar. Can ya ce, "Hajiya, abin nan ba yanke haihuwa ba ne ko?" Na ce hutu ne, kuma in yana shakka ya je ya tambayi malaminsa ko akwai laifi a bar mara lafiya ta warke. Ya ce ba sai ya tambaya ba, a sa mata yanzu, duk wanda take so.

Sai a nan na tuna kantar ɗakin tazara babu komai. Miji ya yarda, mata ta yarda, ni kuma ga ni tsaye da faranti wayam! In sallame ta ta koma ɗaki ɗaya da mijin da ke gida dare da rana, in dogara da alkawari? Na ga alkawura da yawa a aikin nan. Hanyar Funtuwa kuma a rufe. Ina cikin wannan sai ga Gwaggo Asabe ta shigo da kwanon kunu a hannu, tana haki don da ƙafa ta yi rabin hanya.

Na ce, "Gwaggo, kina da wurin shimfiɗa a ɗakinki?"

Ta ce, "Akwai, lafiya?"

"Jego za ki yi wa yarinyar nan. Ki ɗauke ta ta koma ɗakinki, sai ta yi arba'in cur."

Ta ajiye kwanon ta riƙe haɓa. "Jego ba jariri? Hajiya, tunda uwata ta haife ni ban taɓa ji ba. Mutane su ce me?"

"Su ce abin da suka ga dama. In ta mutu ai su ne dai za su zo su cinye shinkafar sadaka su tafi."

Ta leƙa ta ga Sakina kwance da ledar jini a rataye. Ta ce, "To, na ji." Amma sai da muka yi wata rigimar, don na kafa mata sharaɗi: ruwan wanka mai ɗumi kawai, ba irin tafasasshen nan da kuke fige mata da shi kamar kaji ba, kuma kunun kanwa ko cokali ɗaya ban yarda ba, yana kumbura mata yana taɓa zuciya. Ta ce, "To wane irin jego ne wannan, ba kanwa ba ruwan zafi? Wannan ai jegon 'yan boko ne." Na ce ko na waye ne, ta ba ta hanta da wake da zogale da alayyahu da ƙwai, ta tabbata tana shan ƙwayar ƙarin jini, kuma kada in ji ta ɗauki bokiti.

Nasiru shi ya fi shan wahala, kuma na yaba masa. Gwaggo ta ce kullum da safe zai ɗauko itace a ka ya ratsa unguwa, abokansa na zaman banza a gindin bishiya suna yi masa tsiya: "Angon ƙarni, yaushe suna? Mace aka samu ko namiji?" Bai taɓa tanka musu ba, sai ya wuce ya hura wuta. Mahaifiyarsa ta kira ta ce wannan wane sabon salo ne aka ƙago a Suleja. Ya ba ta haƙuri, amma bai mayar da Sakina ɗaki ba. In zai gaishe ta daga bakin ƙofar Gwaggo yake tsayawa, kamar mai zuwa zance.

Ni kuma na yi ta kiran abokan aiki har na samu wata a wani ƙaramin asibiti ta wajen Tafa da ke da sauran kaya kaɗan. Na hau acaba muka bi ta hanyar gonaki na karɓo, ƙuguna ya yi kwana biyu yana ciwo. Na kai har Iku, na baje a kan tabarmar Gwaggo, na sake yin bayani daga farko. Sakina da kanta ta nuna ashanar fata, ta ce ita ba ta son abin da za ta riƙa mantawa. Nasiru na tsaye a waje yana ji, ya ce duk abin da ta zaɓa. Washegari ya kawo ta nan na sa mata.

Tun daga lokacin farantin nan bai sake barin bakin gado ba, shi ne wanda kuke gani a kan teburin can kuna ɗora jakunkunanku a kai. Babu macen da za a wanke a ɗakina ta fita ba a zauna da ita an nuna mata ba. In ta ce a'a, a'arta ce, amma sai ta ji ta gani. Kuma ranar Lahadi bayan la'asar ina nan a kan bencin baranda saboda mazan Abuja. Ba wanda ya sa ni, ba wanda ya gode mini, har akwai masu cewa neman suna nake.

Kun san al'adar yawon arba'in, mai jego ta yi lalle ta ci ado ta goya jariri ta bi dangi tana nunawa. To wata safiya ina tsaka da wanke kaya sai na ji sallama. Na juya, ga Sakina cikin sabuwar atamfa, lalle har idon sawu, kumatu sun ciko, Gwaggo Asabe na biye da ita tana taƙama kamar ita ta haife ta. Bayanta babu goyo. Masu layin rigakafi duk suka zuba mata ido. Wata ma'aikaciyarmu mai baki ta ce cikin wasa, "A'a, mai jego, yawon arba'in aka fito? To me kika kawo mana mu gani?"

Sakina ta wuce ta. Ta taho har gabana ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta sa yatsa ta ja fatar idonta ƙasa da kanta. Ta ce, "Mama, duba."

Ja wur.

Me kika ce, mai gilashi? Wai daga baya ta haihu? Kun ji ku! Duk bayanin nan da na yi, ashe abin da ya dame ki ke nan. Irin tambayar nan ce fa ta kusa kashe ta. Ba zan gaya miki ba. Tana raye, shekaranjiya ma na gan ta a kasuwa tana ciniki tana faɗa da mai tumatir. Tashi ki ɗauke jakarki daga kan farantin nan, akwai mata a gado na biyu da aka wanke ɗazu, har ta fara neman takalminta.